Takun da na zana da gawayi

Laraba. Babu wuta tun asuba, da wayata muka yi atisayen rawa, na jefa ta cikin kwanon silba don kiɗan ya ƙara fitowa.

'Yan matan su takwas, saura kwana tara ranar al'adu ta makaranta. Na zana musu tsakar gida da gawayi, da'ira a tsakiya, layi biyu a gefe, kowa da gurbinta. Taku huɗu gaba, juyi, tafi biyu, sai a tsaya cak har kalangu ya sake shigowa. Tsayawar nan ce ke ba su wuya. Ƙafa ta riga ta ɗau zafi, ba ta son a ce mata dakata. Amma da suka samu sau ɗaya, takwas ɗin suka tsaya lokaci guda, ƙura tana sauka a hankali, sai da tsigar jikina ta tashi. Har guɗa na yi.

Gwaggo tana kan tabarma tana tsinke zogale. Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Ke 'yar nan, rawa ma sai an ƙirga? Mu a dandali wa ya ƙirga mana?"

Na ce Gwaggo ai tsara rawa aiki ne mai zaman kansa: wa zai fara, wa zai bi, ina za a haɗu, ina za a rabu, yaushe za a bar fili ya huta. Na gaya mata kalmar da Turawa ke kiran aikin, wato choreography, daga Girkanci ta fito, ma'anarta rubuta rawa, kuma tun 1700 wani Bafaranshe, Feuillet, ya buga littafin alamomin taku a Paris, a 1928 wani masanin rawa, Rudolf Laban, ya fito da nasa tsarin da ake amfani da shi har yau.

Ta ce, "To mu gaɗa fa? Da farin wata a jeru ana tafi, mai ba da waƙa ta bayar a amsa, ɗaya ta fito ta juya baya ta saki jiki ta faɗo, a cafe ta a cilla. Kin taɓa jin an bar wata ta sha ƙasa? Kowa ta san lokacinta, babu gawayi."

Maganar nan ta tsaya min a rai har yanzu. Gaskiyarta ne, gaɗa tsararriya ce tsaf. Wadda za ta faɗo ta san bugun da za ta saki jiki, masu cafewa sun san inda hannu zai tare ta. Tsarin yana jikinsu ne tun suna goye a bayan yayyensu. Da yamma na tambayi yaran ko akwai wadda ta taɓa yin gaɗa. Biyu sun gani a talabijin. Sauran suka kalle ni. Rawar TikTok kuwa kowacce ta haddace.

Shi ya sa nake zanen, kuma shi ne abin da ya dame ni. Ina sa wa takarda da ƙasa abin da ƙafa ya kamata ta riƙe.

Tuwon dare ya kama a gindin tukunya. Yayyafi bayan magariba, ya wanke da'irar tas.

Na roƙi Gwaggo ta zo atisayen Juma'a ta ba da waƙa. Ta ce gwiwa ba ta barinta tashi. Na ce a zaune ma ya isa. Ba ta amsa ba, amma da nake kulle ƙofa na ji ta a ɗaki tana rera wani abu ƙasa-ƙasa, tana tafi a cinya.