Lahadi: goyon Auta da kayanta

Tun daren jiya ƙanwata Auta ta gama haɗa kayanta, domin yau za ta koma makaranta, kuma ni zan kai ta a babur. Tafiyar da ɗan nisa, akwai hawa da gangara a tsakiya, akwai kuma wani yanki da kwaltar ta mutu. Da na fito da safe na tarar da kayan jere a bakin ƙofa: akwati, jakar littattafai, da wani buhu da ta cusa takalma da dutsen guga da sauran tarkace. Kallo ɗaya na yi musu na koma ɗaki na ɗauko sikeli da littafin da ya zo da babur ɗin.

Littafin ya ce iyakar abin da babur ɗina zai ɗauka kilo 170 ne. Mutane da yawa suna zaton wannan adadi na kaya ne kawai, ko na fasinja da kayansa. Alhali direba yana ciki, hular kwanonsa da takalmansa suna ciki, haka duk wani ƙarfe da aka ɗaura wa babur bayan ya fito daga kamfani. A wasu baburan ma ba a rubuta shi haka kai tsaye, sai dai ka ga wani ƙaramin allo a wuyan babur ɗauke da jimillar nauyin da aka yarje masa, shi da lodinsa gaba ɗaya. Nan sai ka cire nauyin babur ɗin da mansa a tanki, abin da ya saura shi ne rabonka.

Na hau sikeli da hulata da jaket da takalma, ya nuna 78. Auta ta hau da tata hular, 58. Kariyar ɗora kaya da na sa a baya da ƙarafunan rataya jaka na gefe, haɗe da sifanu da kwaɗon da ba na rabuwa da su, sun kai 7. Ka ga 143 sun tafi tun ba a taɓa kayan ba, saura 27. Akwatin ya ba da 18, littattafai 13, buhun 11. Jimilla 42. Kilo 15 sun yi mana yawa.

Ana cikin haka Kawu ya shigo gaishe da Umma, ya tsaya yana kallona da takarda da biro a hannu.

"Kai dai ka cika lissafi," in ji shi. "Babur ai jakin ƙarfe ne, abin da ka ɗora masa shi zai ɗauka. Kullum muna ganin waɗanda suka ɗora ninkin wannan suna wucewa lafiya."

Na ce, "Gaskiya ne Kawu, suna wucewa. Amma mu wucewarsu kawai muke gani, ba ma nan lokacin da za su taka birki."

Bai ce komai ba, ya shige ciki. Na san bai gamsu ba, kuma ban ga laifinsa ba, domin abin da ido yake gani a titi yana goyon bayansa. Injin babur yana iya jan abin da ya fi kilo 170 nesa ba kusa ba, ka sa giya ɗaya zai tashi da kai ko me ka ɗora. Shi ya sa maganar take da wuyar shiga kunne. Wanda ya rubuta wannan adadi ba ƙarfin inji ya auna ba. Ya duba taya, ya duba shokozoba, ya duba birki da firam da sipok, ya nemi wanda zai fara gazawa a cikinsu, ya tsayar da iyaka a ƙasa da shi. Waɗannan kuwa ba sa nuna gajiyarsu a miƙaƙƙen titi. Sai an faɗa rami, ko an shiga kwana da ɗan gudu, ko wani ya ɓullo gabanka babu zato, sannan suke faɗin gaskiya, a lokacin kuma babu damar sauke komai.

Tayar baya ce ta fi damuna. A jikin tawa an rubuta 52P. Wannan 52 ɗin alama ce ta nauyin da tayar za ta iya ɗauka, ma'anarta kilo 200. Ta gaba 42 ce, wato 150. Mutum zai iya haɗa su ya ce ai 350 ke nan, akwai sarari. Sai dai nauyi ba ya rabuwa daidai. Fasinja yana zaune kusan a saman tayar baya, kaya ma yawanci can suke, don haka da goyo ita ke ɗaukar kaso mafi tsoka, yana iya kusantar biyu cikin uku. Babur ɗina da mansa yana wajen kilo 125. Idan ka haɗa da mu da kayan da aka yarje mana, tayar baya ta riga ta je dab da iyakarta. Kuma wannan 200 ɗin sai tayar tana da cikakkiyar iskar da aka rubuta a jikinta. Taya mai ƙarancin iska da nauyi a kanta tana lanƙwashewa a kowane juyi, lanƙwashewar tana haifar da zafi, zafin ne yake cin ta daga ciki har ta fashe. Idan na tuna ƙanwata ce za ta zauna a saman wannan tayar, ba na jin zan iya cewa "ba komai, mu je haka".

Na kira ta na ce, "Auta, sai an rage."

Ranta bai so ba. "Yaya, duk fa ina bukatarsu."

"Na sani. Amma zo ki ga wani abu."

Muka zazzage akwatin muka ɗora shi a sikeli babu komai ciki: kilo 5. Ita kanta ta yi mamaki. Ban da nauyinsa, babu inda zan ɗaure shi sai kan kariya, ita kuwa kariyar an manna mata takarda cewa kada a wuce kilo 5. Akwatin shi kaɗai ya cinye rabon kariyar. Wannan iyakar ta kariya daban take da ta babur, kuma ko da lissafinka na gaba ɗaya bai cika ba, ba ka da ikon ƙetare ta. Dalili shi ne kariya tana bayan gindin tayar baya, tana kuma sama. Duk kilon da ka ɗora can yana ɗaga gaban babur, tayar gaba ta rage kama ƙasa, kan ya yi sakayau a hannunka. Daga nan ne ake samun kaɗawar nan da kan babur yake yi hagu da dama idan an ɗan ja totur. Shi ya sa nauyi a kan kariya ya fi nauyi a ƙasa kusa da tsakiya hatsari.

Saboda haka muka bar akwatin da buhun. Ta zaɓi littattafan da za ta fara amfani da su, suka kai kilo 10, na raba su biyar biyar a ƙasan jakunkunan gefe, na ɗora tufafi a samansu har kowace jaka ta zama 8. Sai da na auna kowace ɗaya daban, domin idan gefe ɗaya ya rinjayi ɗaya, babur zai riƙa ja can duk tsawon hanya. Sauran tufafin marasa nauyi, kilo 4, na naɗe su a jaka mai laushi na ɗaure a kariya. Ƙananan abubuwa masu nauyi, caja da fitila da kwalaben man shafawa, suka shiga jakar kan tanki, kilo 3. Kaya 23 ke nan, mu da komai 166. Ta so ta goya wata jaka a bayanta na hana, don jakar baya tana jan fasinja baya duk lokacin da aka tashi, ga gajiyar da take sa wa kafaɗa. Kuma nauyinta ai kan babur ɗin dai yake komawa.

Daga nan na koma kan babur ɗin kansa. Takardar da ke manne kusa da sarƙa ta ce iskar gaba 25, ta baya 29 idan mutum ɗaya ne, 33 idan da goyo. Na auna da geji tun tayoyin suna da sanyi, na ƙara ta baya zuwa 33. Shokozoban baya suna da mataki biyar, kullum a na biyu nake barinsu, yau na murɗa su zuwa na huɗu, duka biyun daidai da juna. Murɗawar ba ta ƙara wa babur iyakar lodinsa ko da kilo ɗaya, tana dai ɗaga bayan ya dawo tsayinsa, shokozoba ya samu wurin motsi idan an faɗa rami maimakon ya daki ƙarshensa. Na sa Auta ta hau, Umma ta riƙe mana kan, na duba sarƙa da nauyin a kai, domin tana ƙara ɗaurewa idan baya ya zauna. Na duba igiyoyi, na tura duk wani bakin da ke lilo ciki. Na gyara madubai, na ɗan sunkuyar da fitila, don idan baya ya yi ƙasa haskenta sama yake tafiya, cikin idon masu tahowa.

Kafin mu tashi na yi mata bayanin da nake yi wa duk wanda zan goya. Kada ta hau sai na kunna inji na kafa ƙafafuna biyu na ce ta hau. Ƙafafunta su zauna a mataki ko da mun tsaya, ta kula da salansa. Ta tattare duk wani tufa da zai iya kaiwa ga sarƙa ko sipok. Ta matso jikina sosai, kada ta zauna can ƙarshen kujera. A kwana kuma kada ta yi ƙoƙarin miƙewa ko taya ni kwanciya, ta leƙa ta saman kafaɗata ta ɓangaren da muke juyawa, shi ke nan.

Umma ta ce, "Ka bi min a hankali da ita." Na ce in sha Allahu.

A titin farko, inda babu kowa, na gwada birki daga ƙaramin gudu don hannuna ya san abin da yake ɗauke da shi. Bambancin a fili yake. Ni kaɗai da babur muna wajen kilo 210, yau mun haura 290, ƙarin kusan kashi 40 cikin 100, kuma birkin nan dai shi ne zai tsayar da duka. Na ƙara tazara tsakanina da motar gaba, na kuma riƙe gudu ƙasa da yadda na saba. Gudu ya ma fi nauyi tsanani a wannan lissafi: daga 60 zuwa 80, aikin da birki zai yi yana kusan ninkawa. Abu ɗaya da ya yi mini daɗi shi ne birkin baya, wanda idan ni kaɗai ne saurin kulle taya yake yi, yau da nauyi a kansa ya kama da kyau, na riƙa haɗa shi da na gaba.

Wajen hawa babur ya yi nishi, na sauko giya na bar shi ya hau a natse. Sau da dama na ga sararin wuce babbar mota na fasa, domin saurin da na san babur ɗin da shi ba ya nan yau. A doguwar gangara na bar giya ta riƙe mu, ina taɓa birki ina saki, kada ya yi zafi ya daina ci. Inda kwalta ta mutu kuwa tafiyar hawainiya muka yi. Akwai ramin da ban iya kauce masa ba, na rage gudu na shiga, na ji shokozoba ya nutse ya dawo ba tare da ya daki ƙarshe ba. Da kilo 15 ɗin can suna kai, kuma a saman kariya, ban san yadda za mu fita daga ramin nan ba.

Mun tsaya a rabin hanya ta miƙe ƙafa. Na taɓa tayar baya, da ɗumi amma ba zafin da zai tayar da hankali ba. Ban rage iskar ba, domin taya mai ɗumi dama gejinta yana hawa, wanda ya sace iska a lokacin zai wayi gari da taya mai ƙarancin iska. Igiyar jakar hagu ta ɗan saki, na ƙara ɗaure ta. Auta ta ce hularta tana dukan tawa idan na canza giya, sai na ƙara sassauta hannu a kuloci, ita kuma na ce ta dafa tanki da hannu ɗaya idan ta ji zan taka birki. Daga nan har muka isa ba mu sake karo ba.

Mun isa lafiya kafin rana ta yi zafi sosai. Da muka sauke kayan ta ce, "Yaya, dutsen gugata fa?" Na yi mata alkawarin ranar Asabar zan kawo shi da sauran littattafan. Ni kaɗai zan zo, don haka akwai sararin kilo 58 ɗinta, zan ɗaure buhun a kujerar da ta zauna, kusa da bayana.

Kafin in juyo na mayar da shokozoba mataki na biyu. Iskar na bari sai gobe da safe idan tayar ta huce. Da na dawo gida ina goge babur na lura zanen tayar baya ya kusa kaiwa alamar ƙarewa a tsakiya, ba za ta kai ƙarshen zangon karatun nan ba. Akwai masu girmanta daidai da aka rubuta wa 47, wato kilo 175, kuma a ido ba ka bambanta su. Na rubuta 52 a bangon littafin babur ɗin domin in nuna wa mai sayarwa, kuma sai na karanta jikin tayar da idona kafin a ɗaura ta.