Godiya bayan jinyar ɗiyarmu

Assalamu alaikum. Cikin ikon Allah an sallamo ɗiyarmu daga asibiti bayan ciwon huhun da ya kwantar da ita, kuma a madadin iyalinmu nake miƙa godiya ga duk wanda ya tsaya mana da ƙafarsa ko da addu'arsa.

Bayan godiya ga Ubangiji, sai ma'aikaciyar jinyar da ta karɓe mu, wadda ta ɗage rigar yarinyar, ta ƙirga numfashinta, ta nuna mana yadda ƙasan ƙirjinta ke loɓawa duk lokacin da ta ja iska. Ita ta sanar da mu cewa yaro ɗan shekara 1 zuwa 5, idan yana tari kuma numfashinsa ya kai 40 a minti guda, asibiti ake nufa da shi. An fara ba ta amoksisilin, maganin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a gaba wajen wannan ciwo, amma zazzaɓi ya ƙi sauka.

Muna gode wa likitanta, domin lokacin da hankula suka tashi, kowa na kawo sunan maganin da za a ƙara, shi sai da ya sa aka ɗebi jini kafin ya sauya zuwa allura ta jijiya. Waɗanda na fi jin nauyinsu kuwa su ne ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje, mutanen da majinyaci ba ya ko ganin fuskarsu. Su suka raini ƙwayar cutar har ta bayyana, Haemophilus influenzae, irin wadda ke fitar da wani sinadari mai farfasa amoksisilin tun bai fara aiki ba, kuma suka tabbatar cewa allurar da aka koma tana cin ta. A ganina ba a yaba wa wannan aiki yadda ya kamata, alhali a shekarar 2019 kaɗai ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani sun yi ajalin mutum kusan miliyan 1.27 a duniya, kuma kimanin ɗaya cikin biyar yara ne 'yan ƙasa da shekara 5.

Ga 'yan uwa da abokan arziki da suka kwana tare da mu, da waɗanda suka riƙe mana ƙannenta, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Masu tambayar jikinta, da sauƙi ƙwarai. Tana kan ƙarasa magani daidai yadda aka rubuta, kuma likita ya nemi a ɗan sassauta zuwa dubiya har huhun ya gama warwarewa. Allah ya ba sauran marasa lafiya lafiya.