Kiyashin da Inna ta gani

Yau da hantsi wani dattijo daga Mirya ya dawo asibitinmu a Damagaram karɓar maganin tarin fuka. Wata 2 ke nan yana sha ba fashi, tarin ya lafa, amma rama sai ƙaruwa take, rigarsa kamar an rataye ta a sanda. Ina cikin rubuta takardarsa sai matarsa ta matso, ta sassauta murya don kunya, ta ce: “Ɗiyata, duk inda Malam ya kama ruwa, kiyashi ne ke taruwa.” Gabana ya faɗi, don kiyashi na bin fitsarin da ke da suga. Na tsaga ɗan yatsansa na auna, sugan jininsa ya haura 400, ya wuce ƙima sosai. Ashe ciwo biyu ne a jiki ɗaya, mu kuwa ɗaya muke ta bi. Ciwon suga yana raunana garkuwar jiki, tarin fuka ya samu ƙofa. Rifamfisin, maganin tarin fukan da muke ba shi, kuma yana rage ƙarfin wasu ƙwayoyin maganin suga, dole likita ya sake lissafi.

Tun ɗazu maganar Inna nake juyawa a raina. Ta ce ta fi wata 4 tana ganin kiyashin nan, ba wanda ya taɓa tambayarta.