Bindigar dala 450 da kurciyoyin Waller

Kurciya ta farko na same ta. Ta biyu tana tafe sannu a hankali kamar aiko min ita aka yi, na ɗaga, na ja kunama, shiru. Da na duba sai ga kwanson harsashin farko ya maƙale a ƙofar fita, rabi ciki rabi waje, sakata ta danne shi. Kafin in zare shi da yatsa tsuntsuwa ta tsallake gona.

Ranar 1 ga Satumba ke nan, ranar da ake buɗe farautar kurciya a tsakiyar jihar Tekzas ta Amurka. Muna bakin wata gonar dawa da aka girbe a yankin Waller, tafiyar kusan awa guda daga Hustan inda nake zaune. Dawa dai irin tamu, sai dai gajera ce, su dabbobi suke ba wa. Wani dattijo abokin aikina ne ya ja ni, bayan na shekara biyu ina cika masa baki cewa ni jikan maharba ne daga Haɗeja. Na yi kwas ɗin da jihar ta wajabta wa duk wanda aka haifa daga 2 ga Satumba 1971, na yanki lasisi, na sa sandar da ke toshe ma'ajiyar harsashi, don dokar tarayya ba ta yarda bindiga ta ɗauki fiye da uku ba in tsuntsaye masu ƙaura za a harba. Komai na cika. Bindigar ce ta kunyata ni.

Mai sarrafa kanta ce, lamba 12 a ma'aunin faɗin bututu, ƙirar Turkiyya, dala 450 na saye ta. Na ga na Italiya a kantin, Benelli da Beretta, na shafa su na mayar, don wasu sun haura dala 1,500, ni kuma ina da kuɗin makarantar yara a nan da masu jiran aike a gida. A ranar nan kwali biyu na harba, harsashi 50, ta cije min ya fi sau goma. Doka ta ba mutum kurciya 15 a rana. Da huɗu na koma.

A mota ina ta zagin araha. Dattijon bai ce komai ba sai da muka kusa gari, sannan ya tambaye ni ko na wanke ta tun da na saya. Na ce sabuwa ce fil, me za a wanke? Ya yi dariya har da tari.

Da dare na shimfiɗa tsohon zani a gareji na warware ta. Ashe kafin a yi mata lodi a jirgin ruwa an lafta mata wani giris mai kauri don kada ta yi tsatsa a hanya, ga shi nan daskare kamar man kaɗanya a lokacin hunturu, ya haɗu da baƙin hayaƙin albarushi ya zama kwalta. Wannan ɗaya ke nan. Na biyun shi ya fi ba ni haushi, domin a ƙasan kwalin da na kusa jefarwa na tsinci wata 'yar leda da ƙarfe a ciki, fistin na biyu.

Sai a nan na zauna na fahimci abin da na saya. Irin wannan bindiga da iskar harbinta take aiki. In albarushi ya kama, iskar da ke tura ƙwayoyin dalma tana bi ta kan wasu 'yan huji a ƙasan bututu, kaɗan daga cikinta ta zurara ta bugi fistin, fistin ya tura sakata baya, ita kuma ta fizgo kwanson ta wurgar, sifirin ya dawo da ita gaba ta kwaso sabon harsashi ta rufe. Duk wannan kafin ƙiftawar ido. Tun 1963 da Remington 1100 ta fito wannan tsari ya karɓu a wajen mafarauta, ba sabon abu ba ne. Masu tsada suna da dabarar da ke daidaita iskar da kanta, ko harsashi mai ƙarfi ne ko mara ƙarfi. Tawa ba ta da wannan wayo. Fistin biyu aka ba ni: ɗaya na harsashi mai nauyi, yana barin iska da yawa ta tsere don kada sakata ta riƙa dukan baya da ƙarfi, ɗaya na mara nauyi, yana riƙe iskar. Na mai nauyi ne a ciki. Ni kuma na je na kwaso harsashi mafi araha a kanti, mai ƙwayoyin da nauyinsu gram 28 ne kuma mara gudu, irin wanda ake harbin faifan yumɓu da shi. Na ba ta kunu, ina jiran ta yi aikin wanda ya ci tuwo.

Na goge ta tas, na bi 'yan hujin nan da siririyar waya, na ɗiga mai kaɗan a inda ƙarfe ke gogar ƙarfe. Fistin ɗin kansa a bushe na bar shi, don mai a wurin tara datti kawai yake yi. Littafin da ya zo da ita, wanda sai a daren na buɗe, ya ce a fara horar da ita da harsashi mai ƙarfi. Asabar ta gaba na je filin gwaji na ƙona kwali huɗu na gram 32. Kafaɗata ta yi kwana uku tana ba ni labari, amma sau ɗaya tak ta cije, shi ma a kwalin farko. Na sauya fistin na koma gram 28, tana ci tana tofarwa kamar ba ita ba.

Ba zan wanke ta gaba ɗaya ba dai. Kaka biyu ke nan muna tare, na san halinta. Gram 24 ba ta son sa ko da wane fistin, tana harbawa amma sakata ba ta kaiwa ƙarshe, sai ta rufe babu komai a ciki. In ta haura harbi 150 ba wanki, za ka ji ta fara nawa, komowar sakatar har kunne na ji. Akwai kuma wani harsashi mai arha da gindinsa ke kumbura ya manne in bututu ya yi zafi, shi na daina saye. Sannan akwai zoben roba siriri da ke tare iska a wajen fistin. Nawa ya tsage a kaka ta biyu, bindiga ta koma mai harbi ɗai-ɗai, abin da kuɗinsa bai kai na kofin shayi ba.

Abin mamaki, a farautar agwagwa ba ta taɓa ba ni kunya ba. Tun 1991 aka hana harbin tsuntsayen ruwa da dalma a duk faɗin Amurka, saboda agwagi na haɗiyar ƙwayoyin da suka zube a ruwa gubar ta kashe su, don haka ƙwayar ƙarfe ake sawa, a dogon kwanso mai inci 3 kuma mai gudu. Wannan shi ne tuwonta. A watan Disamba, cikin sanyi da laka a gonakin shinkafa, in dai fistin mai nauyi na ciki kuma ban cika mata mai ba, uku take bayarwa a jere.

Na kira Kawu a Haɗeja na kwashe labarin duka na gaya masa. Shi da bindigar toka ya yi zamaninsa a fadamun da ke tsakanin Haɗeja da Nguru, ɗurawa ta baki, harbi ɗaya, in ka kuskure sai gobe. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "To ɗana, da na farkon ya fita lafiya, na biyu da na ukun na mene ne?"

Na ce, "Kawu, kurciyar nan ba irin tamu ba ce, gudu gare ta."

Ya ce in dai ina yin bismilla kafin in ja, kuma ina yanka wadda ta faɗo da sauran rai, sauran zancen na 'yan boko ne.

Wani ɗan'uwa daga Dalas ya tambaye ni ko ya sayi irinta. Na ce masa in kurciya da agwagwa zai bi a ƙarshen mako, kuma ba ya ƙyashin zama da tsumma bayan kowace fita, ya saya, ragowar kuɗin ya zuba a harsashi mai kyau. In kuwa irin mutanen nan ne da ke jefa kaya a but ɗin mota sai wata shekara, ya nemi mai baki biyu wadda ake karyawa a tsakiya, ita ba ruwanta da nauyin harsashi. Ni dai yanzu a aljihun jakata akwai fistin na biyu naɗe a tsumma da zoben roba guda uku. Satumbar da ta wuce, a gonar nan ta Waller, na cika 15 ɗina kafin rana ta yi zafi, kuma sau ɗaya ta cije, a kwali na uku.