Daga Access zuwa SQL Server: kurakuran da ke fitowa bayan an kwashe bayanai

Rumbun bayanan wata ƙungiyar gama-kai ta ma'aikata a Garki, Abuja, na kwashe daga Microsoft Access zuwa SQL Server Express. Fayil ɗin ya doshi gigabait 2, iyakar abin da Access ke ɗauka ke nan, kuma duk ranar da aka ɗauke wuta ana tsakiyar shigar da kuɗin mambobi sai ya lalace. Da SSMA na yi aikin, manhajar kwashe bayanai zuwa SQL Server da Microsoft ke bayarwa kyauta, domin tun Access 2013 aka cire tsohon tsarin ƙaura da ke cikin Access ɗin. Rahoton SSMA ya nuna kusan komai ya wuce lafiya. Sai da akawu ya zauna ya buɗe fom ɗinsa na Access, wanda yanzu yake ɗauko bayanai daga sabar SQL Server, sannan aikin gaske ya soma.

Kwamfutocin ofis sun kasa ganin sabar tun farko. Express yana zuwa ne da TCP/IP a kashe, don haka na kunna shi a Configuration Manager, na kafe shi a ƙofa 1433, na buɗe ƙofar a katangar tsaron Windows, na sake tayar da sabis ɗin. Daga nan ODBC Driver 18, direban da ke haɗa Access da sabar, ya ce bai yarda da takardar shaidar sabar ba, saboda shi yana ɓoye sadarwa kai tsaye ko ba a umarce shi ba. A cikin ofis ɗaya, TrustServerCertificate=yes ya wadatar. Idan za a riƙa shiga daga waje, a sa takardar shaida ta gaskiya.

Kwanan wata ne ya fara zubar da layuka. Access yana karɓar shekara tun daga 100, amma nau'in datetime na SQL Server bai san komai kafin 1 ga Janairu 1753 ba. Mai shigar da bayanai ya so rubuta 2021, yatsa ya tsallake lamba ɗaya, ya zama 202, Access ya haɗiye shiru. Sabar kuwa ta ƙi layin. Wasu na cewa a koma datetime2 a huta, tunda shi yana ɗaukar komai daga shekara ta 1. Zai ɗauka, amma bashin da aka ce an ci a shekara ta 202 yana nan, kuma lissafin watannin biya zai haukace. Na nemo duk kwanan da ya gaza 1900 a cikin Access, aka gyara su daga katin mambobi, sannan na sake turawa. A binciken za ka ga wasu masu 30 ga Disamba 1899. Waɗannan ba kuskure ba ne, haka Access ke ajiye gurbin da lokaci kawai aka rubuta. Wanda ya zaɓi datetime2 kuma ya guji tsohon direban da ke zuwa da Windows, domin Access zai riƙa ganin kwanan a matsayin rubutu.

Wanda ya fi cin rai shi ne saƙon Write Conflict. Akawu shi kaɗai ne a ofis, amma da ya gyara layi sai a ce masa wani ya riga shi taɓawa. Dalilin shi ne, kafin Access ya ajiye gyara, yakan gwada kowane gurbi da abin da ke sabar. Gurbin e ko a'a yana komawa bit, kuma idan aka bar shi Null, wato fanko, Access yana karanta shi a matsayin 0. Ya tambayi sabar layi mai 0, ba ta samu ba, sai ya ɗauka an canza. Na mayar da duk Null zuwa 0, na hana gurbin zama fanko, na sa 0 ya zama abin da yake farawa da shi. Sannan na ƙara wa kowane tebur ginshiƙin rowversion, wanda da shi kaɗai Access zai riƙa gwadawa, har irin wannan matsalar da lambobi masu ɗigo ke jawowa ta tafi tare. Bayan kowane canji a sabar sai an sabunta haɗin teburan, in ba haka ba Access yana nan da tsohon zane a kansa. Kuma "e" a Access -1 ne, a sabar 1 ne. Duk umarnin da aka mayar sabar yana neman -1 zai dawo hannu rabbana. A rubuta <> 0, wato duk abin da ba 0 ba.

Sunayenmu ma sun kawo nasu. Teburan da SSMA ta ƙirƙira nvarchar take sa musu, nau'in rubutun da ke ɗaukar haruffanmu, ba laifi. Amma wani tebur da aka riga aka gina a sabar varchar ne, nan ɗ da ɓ suka koma alamar tambaya. Ko gurbin nvarchar ne, in ba a sa harafin N a gaban rubutun cikin umarni ba, ɓarnar ɗaya ce. Sai waƙafin sama na Sa'adatu da Mu'azu. Access yana yarda a kewaye rubutu da waƙafi mai biyu, SQL Server kuwa mai ɗaya yake amfani da shi, saboda haka yana isa tsakiyar sunan sai ya zaci rubutu ya ƙare. Na sa Replace ta ninka waƙafin kafin a tura.

Lambar waya, NIN da BVN duk lambobi 11 ne, nau'in lamba na int kuma yana tsayawa a 2,147,483,647, ga shi yana cinye sifilin farko. Rubutu na mayar da su. Gurbin BVN an sa masa dokar hana maimaici, amma mambobi da yawa ba su kawo tasu ba. Access bai damu da Null ɗari ba, SQL Server guda ɗaya yake yarda da shi. Mafita ita ce fihirisa mai sharaɗin WHERE BVN IS NOT NULL. Kuɗin da aka ajiye a Double, nau'in lamba mai ɗigo, na mayar decimal(18,2), don kada kobo ya riƙa sulalewa a jimla.

Teburin da ba shi da babban mabuɗi zai buɗe amma ba zai gyaru ba. A VBA kuma, yaren shirye-shiryen Access, OpenRecordset da ke taɓa tebur mai IDENTITY, wato mai ba da lambar layi da kansa, yakan jefo kuskure 3622 sai an ƙara dbSeeChanges. Akwai wani bambanci da ba ya jefo saƙo ko ɗaya: Access yana ba da lambar layi da zarar ka fara rubutu, sabar sai an ajiye take bayarwa. Fom ɗin rasit yana ɗaukar lambar tun kafin a ajiye, shi ya sa rasit ya riƙa fita babu lamba, sai da na sa Me.Dirty = False, umarnin da ke tilasta ajiyewa, a gaban layin da ke karanta ta.

Kafin a rufe tsohon fayil na gwada adadin layukan kowane tebur, da jimlar ajiya da ta bashi, gefe da gefe har kobo. Express ba shi da SQL Server Agent, mai gudanar da ayyuka a kan lokaci, don haka ajiyar kwafin dare sqlcmd ke yin ta ta hanyar Task Scheduler zuwa wani faifai na daban, sabar kuma tana kan inbata.