Ɗebewar da ke cikin ido

Shekara 11 ke nan ina koyar da lissafi a sakandare, kuma akwai tambayar da ba ta taɓa rabuwa da ni ba: "Malam, wai wannan lissafin ina za mu kai shi?" A da kasuwa da banki nake ambata musu. Yanzu wayata nake cirowa.

Makon jiya wata ɗalibata ta sake jefo mini ita. Na ɗauki hoton ƙofar ajinmu, baƙar ƙofar ƙarfe a jikin farin bango, na yi ta buɗa hoton da yatsu har ya farfashe ya koma ɗigo-ɗigo. Na ce mata kowane ɗigo lamba ce a wurin kwamfuta: 0 baƙi ƙirin, 255 fari fat. Sai na rubuta layi ɗaya a allo, daga bango zuwa ƙofa: 240, 238, 241, 30, 28, 31. Na ce ta fitar da bambancin kowace lamba da maƙwabciyarta. Ta samu 2, ta samu 3, sai ga 211. Ta tsaya da alli a hannu, ta ce, "Malam, nan ne bakin ƙofar."

Ranar na koma gida da farin ciki, domin abin da ta yi da alli shi idonta yake yi tun daga ranar da aka haife ta. A tantanin da ke bayan ido akwai ƙwayoyin karɓar haske fiye da miliyan 100, amma zaren jijiyar da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa bai wuce miliyan 1 da ɗoriya ba. Dole a tace. A 1953 masanin kimiyya Stephen Kuffler ya nuna a idon kyanwa cewa akwai ƙwayoyin da haske a tsakiyar yankinsu ke zaburar da su, haske a kewaye kuma ya danne su. Idan hasken ya bazu daidai ko'ina, sai su kusan yin shiru. Ɗebewa ce tsantsa.

Labarin da na fi so shi ne na David Hubel da Torsten Wiesel a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka. Sun shafe sa'o'i suna haska wa kyanwa ɗigo a jikin ɗan gilashi, suna sauraron ƙwayar jijiya guda a ƙwaƙwalwarta, ba ta ko motsa ba. Kwatsam, suna cikin zura gilashin a na'ura, sai ta ɓarke da ƙara. Ashe ba ɗigon take so ba, inuwar gefen gilashin ce da ta gifta a wata karkata. Daga nan suka gano cewa kowace irin wannan ƙwaya da layin da take jira: wata na tsaye, wata na kwance, wata na karkace. Sun wallafa a 1959, aka ba su lambar Nobel a 1981.

Sai 2012, da Alex Krizhevsky da Ilya Sutskever da Geoffrey Hinton na Jami'ar Toronto suka horar da wata manhaja da hotuna kusan miliyan 1.2 don ta riƙa gane abin da ke cikin hoto. Ba wanda ya ce mata ta nemi gefe. Da aka leƙa matakinta na farko, sai ga zane-zanen layuka a karkata daban-daban, tamkar abin da aka gani a ƙwaƙwalwar kyanwar nan. Ban yarda da masu cewa kwamfuta ta kamo ido ba. Ana iya taɓa lambobin hoto kaɗan, yadda mutum ba zai lura ba, manhaja ta kira abu da sunan da ba nasa ba. Amma wannan haɗuwa ta matakin farko tana sa ni jinjina hikimar Mahalicci duk lokacin da na tuna ta.

Washegari yarinyar nan ta tare ni kafin in ajiye jaka. "Malam, to idan bakin a kwance yake fa, kamar saman ƙofa? Lissafin jiya ba zai gan shi ba." Na ce ta jera lambobin daga sama zuwa ƙasa ta sake ɗebewa. Ta gwada, ya fito. Sai ta nuna inuwar rufin da ta faɗo a karkace a kan bango, ta ce, "Wannan kuma fa?" Na miƙa mata allin, na ce ta zana mana ɗigo tara, uku-uku, mu fara.