Abin da na koya a gefen tatami (shimfiɗar karawa) a gasar karate ta nahiya

Ni fa aikina a tawagar ba wani babba ba ne, mataimakin koci ne, mai riƙe jaka da takarda da kallon bidiyon abokan karawa har ido ya yi ja. Kafin mu fara zuwa gasar nahiya, a zatona yaron da ya fi zafin nama da ƙarfin ƙafa shi ne zai dawo da lambar yabo, ashe da sauran rina a kaba.

Hukumar karate ta duniya, WKF, gida biyar ta raba harkar, UFAK a Afirka, EKF a Turai, AKF a Asiya, sai PKF ta nahiyoyin Amurka da OKF ta Oshiniya, kowacce da gasarta. Ta Turai tun 1966 aka fara ta a Paris. A ta Afirka kuwa in ka ga an haɗa yaronka da ɗan Masar ko Maroko ko Aljeriya a zagayen farko, to ka fara addu'a kawai, ba wai don sun fi kowa jiki ba, a'a, doka ce suka haddace kamar ruwa.

Dokar kumite, wato karawar mutum biyu, a takarda ba ta da wuya. Naushi mai kyau yuko ne, maki 1, shuri a jiki waza-ari maki 2, shuri a kai ko ka kai hari ga wanda ya faɗi ippon maki 3, minti 3 ake yi, in tazara ta kai 8 an gama. Amma akwai senshu, wato wanda ya fara cin maki shi kaɗai, in lokaci ya ƙare ana kunnen doki shi ake ba. Yaronmu na ajin ƙasa da kilo 67 ya san wannan, ni ma na sani, amma sani a baki daban sani a jiki daban. Tun a daƙiƙun farko mai shuɗiyar ɗamara ya zuba masa yuko ɗaya, namu ya yi ta fama har ya farke aka koma 2 da 2, sai na ga ya saki jiki yana ɗan tsalle-tsallensa kamar wanda ya gama aiki, ina ta daga murya daga sama ba ya ji, aka busa, alƙalin wasa ya ɗaga hannu ɓangaren shuɗi. Yaron ya tsaya yana kallon allo kamar an masa sata. Tun daga nan muka sauya atisaye, sai in ce saura daƙiƙa 30, maki ɗaya kuke amma senshu na hannunsa, bismillah. Abin da ba ka saba da shi a dojo, wato ɗakin atisaye, ba wallahi ba zai zo maka a filin gasa ba.

Kuskuren da ya fi min ciwo kuma nawa ne ni kaɗai. Bayan an cire shi ya kwance jar ɗamararsa, ya tofar da robar haƙori a tafin hannu, ya ce Koci zan iya hawa sama in zauna? Tausayinsa ya kama ni na ce je ka abinka. Na sha'afa da rifishaj, damar nan ta biyu da ake ba duk waɗanda masu kaiwa wasan ƙarshe suka doke, su nemi tagulla, tunda tagulla biyu ake bayarwa a kowane aji. Wanda ya doke mu kuwa sai da ya kai wasan ƙarshe. Aka kira sunan yaron, jikinsa ya huce sarai, kariyar ƙwaurinsa ɗaya tana can ƙasan jaka muna ta zazzage kaya a ƙasa, ya shiga da kyar a kan lokaci kuma ba a ɗau minti biyu ba aka gama da shi. Babban kocinmu bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, Malam, wa ya ce maka an gama? Da ma ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Akwai kuma maganar riƙe ƙarfi, wadda har yanzu yara sababbi ba sa son ji. Kullum bidiyon wasan ƙarshe na Olamfik ɗin Tokiyo a 2021 nake saka musu, Tareg Hamedi na Saudiyya yana gaba da 4 da 1, ya kai shuri a sama, Sajjad Ganjzadeh na Iran ya zube a sume, aka kori Hamedi, zinare ya tafi ga wanda aka fitar a kan gadon marasa lafiya. Wasu suna cewa zalunci ne. Ni ban gani haka ba, dokar ce tun farko, ka nuna za ka iya ba tare da ka ji wa mutum ciwo ba.

Yanzu in an cire ɗan wasanmu ba ya cire komai sai safar hannu, rigar sanyi a kansa, yana zagaye a wurin ɗumama jiki, ni kuma ina gefe da biro ina bin wanda ya doke shi wasa bayan wasa ina masa fatan nasara kamar ƙanina.